Karen da Kaka Ya Zaɓa Mana

Shekaranjiya da la'asar hadari ya haɗo daga wajen duwatsu, kafin in gama kwashe shanya ruwa ya sauko. Ina tsaye a baranda da zannuwa a hannu sai ga wani kare, ban san ko na wane ne ba, ya kutso ta ƙarƙashin ƙofa ya raɓe a jikin bango. Ya girgiza jikinsa, ruwa ya fantsamo mini a ƙafa. Warin nan na jiƙaƙƙen gashin kare, mai haɗe da ƙasa da ɗan hayaƙi, shi ya zaunar da ni. Ban kore shi ba. Na zauna ina kallonsa har ruwa ya ɗauke, ya miƙe ya kama gabansa. In ka taso a gidan da ake da kare, ka san warin da nake nufi. Ba daɗi gare shi ba, amma ni ya mai da ni gidanmu na kan dutse, can bayan Gella, lokacin ina yarinya.

Gidan kakana ne, mahaifin Baba. Ɗakunan laka ne zagayayyu masu jinka, rumbuna a tsakiya, an kewaye su da katangar duwatsu da shingen ƙerana. Kakata ta rasu tun ban yi wayo ba, don haka idan na ce Kaka, shi nake nufi. Akwai Baba da Mama, akwai yayana namiji, sai ni, sai ƙannena mata biyu, sai autanmu. 'Yar Kaka guda, wadda muke kira Goggo, tana aure a hayin duwatsu, ɓangaren Kamaru. A gida yarenmu muke yi, a kasuwa Fillanci, Hausa kuwa sai a makaranta da coci. Duk maganar Kaka da zan kawo maka, da yarenmu ya yi ta. Hausarsa kaɗan ce, kuma mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa.

Mu yaran gidan ba mu san zama ba. Gari na wayewa mun fita, ko korar birai a gonar dawa da ke gindin dutse, ko ɗibar ruwa a mayo, wato rafinmu, ko hawan tsamiya, ko kuma gudu kawai a kan faifan duwatsu har tafin ƙafarmu ya yi tauri kamar ƙirgi. Wata rana da kaka, dawa ta nuna, muka ruga gona saboda an ce birai sun sauko. Auta, wanda bai daɗe da iya tafiya ba, ya biyo mu a baya, ba wanda ya waiwaya. Mu muna zaton yana gida, Mama tana zaton yana tare da mu. Sai da aka zo cin abincin rana aka gane. Duk unguwa aka bazu ana kiran sunansa. Rana ta kusa faɗuwa Baba ya same shi a wani tsagin dutse yana barci, hawaye ya bushe masa a kumatu, ga sawun kura a yashin da ke ƙasan wurin. Mama ba ta doke kowa ba ran nan. Ta goya shi, ta ɗaure zani tamau, ta ce a gaban kowa, "Gidan nan yana bukatar kare, wanda zai bi yaran nan."

To, a lokacin Kaka ma yana neman kare. Mafarauci ne tun yana saurayi, kuma karensa na farauta ya mutu a daminar da ta wuce. Wani abokinsa ya riga ya yi masa alkawarin kwikwiyo daga cikin nasa, irin karnukan da duk ƙasarmu ta san su. Amma tukunyarmu ba za ta ci da karnuka biyu ba, kowa ya san haka. Guda za a ɗauka.

Shekarar da aka sake yin ƙuri'a ce, wadda aka ce mutanenmu su zaɓa, ko Najeriya ko Kamaru. A gindin kowace bishiya maganar ke nan. Manya suna ta musu har da jijiyar wuya, amma mu yara musun da ya dame mu na cikin gida ne: wane irin kare za a kawo.

Na farko da aka je gani karen Bature ne. Kawuna, ƙanin Mama, kuku ne a gidan wani Bature a Mubi, kuma Baturen yana haɗa kaya zai koma ƙasarsu, yana neman wanda zai riƙe masa karensa. Baba ya yi murna ƙwarai. Ranar kasuwa ya tafi da ni da Yaya. Ban taɓa ganin kare kamarsa ba: ƙato, baƙi da ruwan ƙasa, kunnuwa a tsaye, gashi kamar na rago. Yana kwance a kan siminti a ƙarƙashin mangwaro, harshe a waje, yana haki ko da yake bai yi gudun komai ba. Ba shi da faɗa, ya bar ni na shafa kansa. Kawu ya nuna mana kwanonsa, ya faɗi abin da ake dafa masa, ya ce kullum sai an taje shi an cire masa kaska, kuma Turanci kawai yake ji. Baba ya durƙusa, ya ɗaga ƙafar karen ya danna tafinta da babban yatsa. Laushi gare ta kamar tafin jariri. Ya daɗe a durƙushe. A hanyar komawa muka fara hawan dutse, rana ta gasa duwatsu har ana jin zafinsu ta takalmi. Nan Baba ya ce, "Ina son karen nan. Amma in na kawo shi nan na zalunce shi."

Na biyu, Kaka ne ya kai mu, ni da auta, gidan abokinsa mafarauci. Uwar kwikwiyoyin ja ce, doguwa, cikinta a shafe, an yanke mata bakin kunne, jikinta duk tabon ƙaya da haƙori. Ko a kwance take idonta yana kan daji. Kaka yana ganinta fuskarsa ta canja, ya koma kamar yaro. Ya ɗauki wani jan kwikwiyo, ya buɗe bakinsa ya duba, ya ja fatar wuyansa, ya ajiye shi. Kwikwiyon ko kallonmu bai yi ba, ya ruga ya bi 'yan tsaki har cikin akurki. Abokin Kaka ya yi dariya ya ce wannan ba zomon da zai tsere masa. Auta ya bi shi da gudu yana son ya kama shi, ya faɗi, ya fashe da kuka. Kwikwiyon bai waiwayo ba.

Kaka ya sake ɗaukar kwikwiyon ya ɗora a cinya. Na ga hannunsa yana shafa bayansa a hankali, ya shafa, ya sake shafawa. Daga nan ya miƙa wa abokinsa.

"Ba wa wani," ya ce. "Irin wannan kare, mutum ɗaya ya sani, kuma in ya ji warin nama, ko shi ma ya manta da shi. Ni yara gare ni."

Abokin ya ce, "To farautar fa?"

Kaka ya ce ƙafafunsa ma sun fara gajiya. Ƙarya yake yi. A lokacin ba saurayin da ke riga shi kaiwa kan dutse.

Bayan 'yan kwanaki ya sake ɗaukarmu, wannan karon har da wata kaza a hammata, muka gangara rugar wasu Fulani da suka sauka a bakin mayo. Sun san juna da maigidan rugar. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo kindirmo a ƙwarya. Na zaci za mu ɗauki kwikwiyo mu juya, amma Kaka ya miƙe ƙafa yana hira da Fillanci kamar ba abin da ya kawo shi. Da na gaji na fara mutsu-mutsu, sai ya taɓa ni da sanda.

"Amarya," haka yake kirana don tsokana, "bar kallon 'ya'yan. Kalli uwar."

Karya ce ba wata mai kyau ba, fara da dabbare-dabbaren ƙasa-ƙasa, ba doguwa ba, ƙirjinta da faɗi. Wata jaririya mai rarrafe ta kama jelarta ta ja da ƙarfi. Karyar ta juyo, ta lashi fuskar yarinyar, ta tashi ta koma gefe. Can yaran rugar suka kora maruƙa zuwa ruwa. Ta miƙe ta bar 'ya'yanta, amma ba ta shiga gaba ba. Ta tsaya sai da ƙaramin cikinsu ya wuce, sannan ta bi bayansa. Kaka ya dube ni, na dube shi.

A cikin kwikwiyoyin akwai wanda ya rugo yana cizon bakin zanena, akwai wanda ya ɓuya bayan turmi yana rawar jiki. Kaka bai kula su ba. Wani mai farin goshi ya zo a hankali, ya sansana ƙafata, ya sansana ta auta, ya zauna daram a kan ƙafar auta ya yi hamma. Kaka ya juya shi rigingine, ya riƙe shi a haka, ya ja kunnensa kaɗan. Kwikwiyon ya yi ɗan motsi, sannan ya saki jiki. Kaka ya miƙa kazar, Bafulatanin ya yi mana addu'a, auta ya rungumi kwikwiyon har gida ya ƙi bari kowa ya karɓa.

Muka sa masa suna da yarenmu, ma'anarsa ɗan rakiya. Kuma sunan ya bi shi. Duk inda muka nufa yana bayan na ƙarshe. In ƙanwata ta tsaya cire ƙaya, ya tsaya. In muka rabu biyu, ya yi ta kai da komowa tsakaninmu yana haushi har sai mun haɗu. Da damina, in mayo ya kawo ruwa muka shiga wanka, ya tsaya a bakin gaɓa yana kuka kamar ana yanka shi, in ya ga ba mu da niyyar fitowa ya faɗo ya yi iyo ya kewaye mu. Da kaka yakan kwana biyu muryarsa a dushe saboda haushin birai. Wani babban gwaggon biri ya taɓa tsaga masa kunne, Mama ta wanke da ruwan gishiri tana yi masa faɗa kamar ɗanta. Da muka fara zuwa makarantar mishan da ke ƙasan dutse, yakan raka mu har bakin aji, ya kwanta a gindin tsamiya sai an tashi. Ran Lahadi sau da yawa an kore shi daga coci, daga baya aka gaji aka ƙyale shi, ya samu wurinsa a ƙarƙashin bencin yara.

Kaka bai taɓa fita da shi farauta ba. Bakansa da kwarinsa suka zauna a rataye a bangon ɗaki har gizo-gizo ya yi saƙa a kansu. In mafarauta suka wuce ta bayan gidanmu da rani, ana busa ƙaho, karnuka suna ta tsalle, Kaka yakan fito ya tsaya a bakin shinge har sai sun ɓace. Abokinsa ya taɓa ɗaga murya ya ce, "Ina karen renon naka?" Kaka ya yi dariya ya nuna masa mu, mun yi jerin gwano za mu mayo, kare a baya.

Shekarun nan su ne mafi daɗi a rayuwata, kuma ban san haka ba sai da suka wuce.

Da yaƙin basasa ya tashi, aka yi ta shelar ɗaukar soja. Samarin duwatsunmu da yawa suka tafi, har da magidanta. Baba ya ce zai je. Ban san abin da suka tattauna da Kaka ba, na dai ga sun yini a gindin rumbu ba mai kallon wani. Muka raka shi har Mubi inda manyan motoci suke jira. Karen ya bi motar da gudu har ta fita gari, sannan ya dawo yana haki ya tsaya bayan auta. A shekarar ce kuma Yaya ya samu shiga makarantar kwana mai nisa. Gidan ya rage hayaniya.

Ba a kawo mana gawar Baba ba. Wani soja ɗan ƙauyen da ke kusa da namu, wanda ya dawo da hannu guda, shi ya hau dutse wata safiya ya nemi Kaka. Suka zauna a kan dakalin dutse a ƙofar gida. Muna leƙe daga bayan rumbu. Sojan ya yi magana ƙasa-ƙasa, Kaka yana kallon ƙasa. Da ya gama, Kaka ya tashi ya je wurin Mama tana tankaɗe. Bai buɗe baki ba ta ajiye rariya. Kukan da ta yi ran nan har yau ban ji irinsa ba. Karen ya rasa wanda zai je wurinsa a cikinmu, ya yi ta zagayawa yana sa hancinsa a hannun kowa.

Mama ta yi ƙoƙarin noma damina guda, ita da Kaka da mu, amma gonar dutse ba ta mace da tsoho ba ce. Kawu ya samo mata ɗaki a Mubi, ya ce ta zo ta riƙa tuyar ƙosai kusa da tasha, yara kuma su yi makaranta a gari. Aka roƙi Kaka ya biyo mu. Ya ce kabarin matarsa yana nan, kuma in ɗansa ya dawo, don bai ga gawa ba, ina zai same shi?

Ɗakin da muka samu a gidan wani dattijo ne Musulmi, ɗan kasuwa, mutumin kirki. Tun kafin mu tare ya ce wa Mama, "Ki yi haƙuri, uwar yara. Tsakar gida ɗaya ce, nan muke alwala, nan muke salla. Kare ba zai yiwu ba." Mama ta ce ta gane. Ranar da muka sauko da kaya a ka, Kaka ya shiga da karen ɗakinsa ya rufe ƙofa. Har muka kai ƙasan dutse muna jin kukansa.

Ba mu yi sati ba a Mubi, wata safiya na fito da tulu, sai na gan shi kwance a ƙofar gida, ƙafafunsa sun faffashe, jikinsa duk ƙarangiya. Yadda ya gano gidan a cikin garin da sau ɗaya ya taɓa shiga, Allah kaɗai ya sani. Auta ya faɗa kansa yana ihu. Maigidan ya fito, ya tsaya ya dube mu, ya ce a ba shi ruwa, ya kwana a waje a gindin darbejiya. Washegari da hantsi sai ga Kaka da sandarsa, ya taka duk wannan nisa. Ya sha kunu, ya huta, ya ɗaura wa karen igiya a wuya, abin da ba a taɓa yi masa ba, ya ja shi suka tafi.

Haka aka yi ta yi. Karen ya gudo, Kaka ya biyo. Kowane zuwa sai na ga Kaka ya ƙara ranƙwafawa. Zuwan ƙarshe, wata motar kaya ta buge karen a ƙugu kusa da kasuwa, da jan ƙafa ya iso. Kaka ya zauna da mu har ya ɗan warware, sannan suka koma, tsoho yana ɗingishi, kare yana ɗingishi. Daga nan bai sake zuwa ba. Muka ji an ce Kaka ya ɗaure shi a jikin rumbu.

Da aka yi hutun Kirsimeti muka hau dutse, har da Yaya da ya dawo daga makaranta. Mama ta ƙunsa wa karen ƙasusuwa a ganye. Tun daga mayo auta ya fara kiran sunansa. Muka lura gidajen maƙwabta da yawa an bar su, jinka ta rufta, mutane sun sauka ƙasa neman makaranta da asibiti. Muka isa shingen gidanmu ba haushi. Kaka yana zaune shi kaɗai yana gyaran igiya.

Auta ya zagaya bayan rumbu, ya leƙa ɗakuna, ya dawo ya tsaya a gabansa. "Kaka, ya mutu ne?"

"Bai mutu ba. Na kai shi gidan Goggonku."

Ya ba mu labari a hankali, yana murza igiyar a cinyarsa. Da ya ɗaure shi, karen ya daina cin abinci. Da ya kwance shi, bai ƙara gudu ba, ƙugun ba ya bari, sai dai ya je bakin hanyar mayo ya kwanta tun safe har yamma, yana jiran yaran da za su wuce. Ba yaran da suka rage a unguwar. In Kaka zai je gona yakan bi shi, amma yana tafe yana waiwaye, yana neman na ƙarshe. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Sai Kaka ya tuna gidan Goggo cike yake da yara, nata da na 'yan'uwan mijinta. Ya ɗauke shi suka tsallaka duwatsu, inda ya gaji ya saɓa shi a kafaɗa kamar ɗan akuya. Ya zauna can har ya ga ya fara ci, ya fara bin yaran. Wata safiya da suka tafi rafi da shi, Kaka ya ɗauki sandarsa ya bi ta bayan gida.

Auta ya jefar da ƙunshin ƙasusuwan ya ce, "Namu ne! Ai namu ne!"

Kaka ya ce, "Naku ne. Don ku na zaɓe shi." Sannan ya ce, "Na duba uwarsa, na duba ƙafarsa, na duba halinsa. Na zaɓi kare na gida mai yara. Abin da ban duba ba, yara suna ƙarewa a gida."

Mama ta ce, "Baba, kai fa? Wa ya rage maka?"

Ya ce shi mutum ne, ya san dalilin da ya sa aka tafi aka bar shi. Kare bai sani ba.

Da yamma na je bayan ɗakinsa, na ga kaskon da karen ke shan ruwa. Cike yake da ruwa mai kyau, na ranar.

Kaka bai ga damina ta gaba ba. Da bazara, lokacin da zafi ke hana tsuntsu kuka, ya faɗi a tsakar gida tsakanin ɗakinsa da rumbu. Ba wanda ya sani sai washegari, da wata tsohuwa maƙwabciya ta ga ba hayaƙi ta leƙo. Mutane suka yi ta cewa da akwai kare a gidan da ya yi haushi, da an zo da wuri. Mama ta hana a faɗi haka a gabanmu, amma mun ji.

Goggo ta tsallako da mutanenta don jana'iza, da yara bila adadin a bayanta. A bayan ƙaramin cikinsu, yana ɗingishi, ga karenmu. Ya yi ƙiba, bakinsa ya fara furfura. Da ya shigo shinge ya tsaya cak, ya ɗaga hanci. Sai ya saki wani irin kuka, ya rugo, ya rasa wanda zai fara taɓawa, ni ko Yaya ko ƙannena, ya kai auta ƙasa yana lasar fuskarsa. Daga nan ya bar mu ya shiga ɗakin Kaka. Ya sansana tabarma, ya sansana sanda, ya fito ya zagaya gidan, ya sake shiga. Kwanakin makoki duka a bakin ƙofar ɗakin yake kwana. Da rana kuwa ya haɗa mu duka, mu da yaran Goggo, ya bi bayanmu zuwa mayo. Rabona da in gan shi da farin ciki haka tun kafin yaƙi.

Ranar watsewa ta zo. A ƙasan gidan hanya ta rabu, ɗaya ta gangara Mubi, ɗaya ta haura gabas. Aka yi sallama, aka yi kuka. Goggo da yaranta suka kama tasu, mu muka kama tamu. Karen ya tsaya a mararrabar. Ya bi su kaɗan, ya dawo, ya biyo mu kaɗan, ya koma, yana haushi yana son ya haɗa mu kamar yadda ya saba. Yaran Goggo suka fara kiransa. Na ga auta ya buɗe baki. Mama ta sa hannu ta kama kafaɗarsa, ta ce da mu duka, murya ƙasa-ƙasa, "Kada wanda ya kira shi. In kuna ƙaunarsa, kada wanda ya waiwaya."

Muka yi ta tafiya. Ina jin haushinsa a bayana, ina jin sunansa a bakin waɗancan yaran, sunan da mu muka sa masa. Auta yana tafe hawaye na zuba, ya cije leɓe har ya yi jini, amma bai kira ba. Can haushin ya tsaya. Da muka kai wani lanƙwasa inda ake hango ɗaya hanyar ba sai an juya ba, na gan su sun yi layi suna hawa, ƙanana kamar tururuwa, shi kuma yana bayan na ƙarshe. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Bayan shekara biyu ko uku Goggo ta aiko cewa ya mutu da tsufa, yara sun binne shi a gindin wata bishiya.

Yau ba kowa a unguwarmu ta kan dutse, sai katangun duwatsu da ciyawa ta cinye. A Mubi kuwa karnuka sun yi yawa, manya-manya, masu sunayen ƙasashen waje, amma a keji suke bayan dogayen katangu, sai dare ake sakinsu don ɓarayi. Yaran gidan ma tsoronsu suke ji. Su kansu yaran ba sa zuwa ko'ina da ƙafa, balle a bi bayansu.

Ni ma yanzu na haura shekarun da Kaka ya rasu a cikinsu. Maigidana ya riga ni komawa ga Allah, 'ya'yana kowa yana garin da aiki ya kai shi. Kwanan baya babban ɗana ya zo, ya ga yadda gidan ya yi shiru, ya ciro waya yana nuna mini hotunan karnuka iri-iri, wannan mai haƙuri ne, wannan ba ya ci da yawa, in zaɓi guda ya saya mini don ya ɗebe mini kewa. Na karɓi wayar na duba su ɗaya bayan ɗaya, kyawawa da su. Sannan na mayar masa, na ce ya bar su inda suke. In yana son ya kawo kare gidan nan, ya fara kawo mini yara.